Akwati na Takwas na Baba Arzika

Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi a Magama ya san Baba Arzika. Dogon dattijo ne mai ɗingishi a ƙafar hagu, yana zama a rumfar kwano bayan inda manyan motoci ke tsayawa kafin su shiga iyaka, makullai ɗaure a tsirkiyar fata a ƙugunsa. Sito bakwai ne jere a bayansa, na bulo da rufin kwano. Ba nasa ba ne, kayan ciki ma ba nasa ba ne. Aikinsa riƙon makulli. 'Yan kasuwa za su sayi gero da dawa da wake a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, su zuba a sito, su miƙa masa makulli su kama gabansu, wani sai bayan wata da watanni zai waiwayo.

Shi ne aka kira infoma bayan kakar bara, kuma a kan wasu akwatuna da na haɗa masa maganar ta taso. Wanda ba ɗan nan ba zai ɗauka zagi ne kawai. A wajenmu in kalmar nan ta manne wa mutum ba a tsayawa tantance wa yake kai wa labari, masu kaki ne ko 'yan daji. Akwai waɗanda aka kira da ita aka tafi da su, iyalansu har yau ba su san inda suke ba. Ni dai tun lokacin, in babur ya tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa ta taga kafin in yarda in fito.

Sunana Mudathir. Marigayi mahaifina, Malam Yahya, tare suka taso da Baba Arzika a Riko, shi ya sa nake kiransa Baba, shi kuma ya ce min ɗana. Gonar gidansu ta kasa ciyar da su bayan wani fari da aka yi yana saurayi, sai ya gangaro Jibiya yana dako a kasuwa. Daga nan ya shiga kamiyo, babbar motar kaya, yana bin direba zuwa Maraɗi da hatsi, su dawo da abin da suka samu. A Ɗan Isa buhuna suka zamo daga saman mota suka danne masa ƙafa. Mai ɗori ya ɗora, ƙashin ya kama a karkace. Mai motar bai sallame shi ba, ya ba shi makullin sitonsa ya ce ya zauna ya tsare. Daga makulli ɗaya aka fara. Ya auri Inna Mariyamu, ya gina gida a bayan sito-siton, tsakaninsu ɗan fili da ake shanya gyaɗa.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya faɗin abin da wani ya ajiye. Ko mene ne ka tambaye shi game da siton da ba naka ba, amsarsa ɗaya ce: “Tambayi mai shi.” Mahaifina ya sha ba mu labarin wa da ƙani da suka shekara suna gaba a kan gado, kowa ya ɓoye geronsa a wurin Baba Arzika, bango ɗaya tsakanin kayansu, babu wanda ya san na ɗan'uwansa na nan. Na biyu, makulli yana hannunsa amma ba ya buɗe sito in mai shi ba ya tsaye a wurin. Ko ɓera ya ji yana ɓarna a ciki, sai dai ya aika a kira mai kaya.

Wannan na biyun ne ya shigo da ni. A daminar da aka rufe iyaka, rufin siton Sunday ya yi yoyo. Sunday mutumin Zonkwa ne, ya daɗe yana sayen wake a Jibiya yana kaiwa kudu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Buhunansa na ƙasa suka sha laima suka ɗau zafi, ba wanda ya sani sai da wari ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Sunday bai ɗora wa kowa laifi ba, amma abin ya ci Baba Arzika. Ni kuma a lokacin na gama karatun injiniyan lantarki, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina zaune. Na ce masa zan iya haɗa abin da zai sanar da shi halin da kowane sito ke ciki ba tare da ya taɓa kwaɗo ba.

“Mi sunan abin?” ya tambaye ni ranar da na kawo na farko.

“A makaranta maikurokwantirola muke ce masa, Baba.”

“To bar wanga suna can makaranta. Faɗa mani aikinshi.”

Na yi masa bayani. Kowane sito akwati guda, bai fi girman sabulun wanki ba, da ɗan hanci da ake cusawa tsakanin buhuna yana jin zafi da laima. Waya guda ce ta ratsa su duka, daga na ɗaya har na bakwai. A cikinta jijiyoyi huɗu ne: biyu na kai wuta daga batirin sola, biyu murɗaɗɗu na magana. Babban akwatin yana rumfarsa da ɗan allo mai nuna lamba. Shi ke kira: na ɗaya. Na ɗaya ya amsa, sauran suna ji amma kowa ya yi shiru. Sai ya kira na biyu. Amsar gajera ce, lambar akwatin, zafi, laima, sai wata lamba ta ƙarshe wadda jimlar na gabanta ce. Babban zai sake yin lissafin da kansa, in bai dace ba ya san saƙon ya lalace a hanya, ya watsar ya sake kira. A ƙarshen layin, bayan na bakwai, na sa ɗan resista kamar ƙwayar shinkafa, aikinsa ya shanye saƙo in ya kai ƙarshe don kada ya dawo baya ya yamutsa na gaba.

“In biyu suka amsa tare hwa?”

“Ba wanda za a ji, Baba.”

“Ashe sun fi taron 'yan kasuwa tarbiyya.” Ya juya akwatin a hannunsa. “Ba shi faɗin buhu nawa na ciki?”

“Bai san buhu ba. Zafi da laima kawai ya sani.”

“Ba shi da sim?”

“Babu. Maganarsu ba ta wuce wayar nan.”

Bai yarda na sa ko ɗaya ba sai mai sito na tsaye. Alhaji Lawwali, wanda ke riƙe da sito uku shi kaɗai, ya tsaya a kaina har na gama, yana cewa shi dai bai son abin da ke ƙyafta ido a cikin kayansa. Akwati takwas na haɗa, don in wani ya mutu a musanya. Na takwas ɗin da ragowar nadin waya na bar su a rumfar Baba Arzika. Babban akwatin yana kiran takwas a kowane zagaye, in ya ji shiru ya wuce, allon kuma waɗanda suka amsa kaɗai yake nunawa.

Da aka rufe iyaka, Magama ta canza. Manyan motoci suka yi layi har direbobi suka fara girki a ƙarƙashinsu. Aka hana fitar da hatsi, masu fitarwa suka koma bin hanyoyin daji. Kowa ya san ana yi, kowa ya san su waye, kuma kowa ya fara kallon maƙwabcinsa ta gefen ido. Mutum zai zo rumfar mai shayi ya tarar ana hira, a yi shiru har ya tashi. Bayan kaka aka tare kamiyon Alhaji Lawwali cike da gero a wata hanyar da ya rantse mutum huɗu kaɗai suka san zai bi. A wurin Baba Arzika aka yi lodin.

Ranar kasuwa Alhaji Lawwali ya tare ni a layin masu buhu. Bai amsa gaisuwata ba, ya kama hannun rigata.

“Kai ɗan Malam Yahya, sito nawa ne wurin Arzika?”

“Bakwai, Alhaji.”

“Bakwai. To jiya ina zaune rumfarshi, allon nan naka ya nuna takwas. Bokona kaɗan ne, amma na san takwas. Wa ye na takwas?”

Na ce wataƙila allon ne ya samu matsala. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba.

“Matsala. Ranar Laraba bayan la'asar ka zo ka yi wa jama'a bayanin matsalar, kai da ubanka Arzika. 'Yan sa-kai ma sun ce suna son su ji.”

Washegari da hantsi na ɗauki kwamfutata na nufi rumfar. Baba Arzika ba ya nan. Na jona kwamfutar da babban akwatin ina kallon hirarsu tana gangarowa layi bayan layi. Na ɗaya, na biyu, na uku, lafiya. Daga na biyar zuwa na bakwai amsa ta fara zuwa a gurguje, lissafin ƙarshe yana ƙin dacewa, sai an kira sau biyu ko uku. Sai babban ya kira takwas, takwas ya amsa. Zafi daidai, laima ta ɗan yi sama. Na zauna ina kallo zagaye bayan zagaye.

Rikicewar da na gani ta nuna min abu guda: an yi wa layin reshe. Irin wannan layi ba ya son reshe, so yake ya tafi miƙe daga farko zuwa ƙarshe kamar igiyar shanya. In ka tsaga shi a tsakiya ka ja wata doguwar waya gefe, saƙo zai shiga can ya bugi ƙarshe ya dawo. Na zagaya bayan sito-siton ina bin wayar a ƙarƙashin indararo. Tsakanin na huɗu da na biyar na ga wurin. An feɗe wayar an haɗa wata, an naɗe da baƙar leda da zaren buhu, sabuwar ta gangara jikin bango ta shige ƙasa, an rufe da yashi an ɗora ƙaya. Arewa ta nufa, wajen iyaka.

Ba zan ɓoye abin da ya zo min ba. Na tuna masu kakin da ke tsayawa su gaishe shi da Baba. Na tuna yadda yake tashi ya koma bayan rumfa in wayarsa ta yi ƙara. Na tuna tambayar da ya yi min ta sim, na ce a raina ko so yake ya san inda ake sawa. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ranar sunan ƙanwata, duk abin da na sani a kansa sai ya juya baya. Kuma na san in ta tabbata, ba shi kaɗai za a tafi da shi ba, ni na haɗa akwatunan.

Na bi tabon yashin ina tona kaɗan-kaɗan da tsinke. Ya ratsa filin shanya gyaɗa, bai kai ko'ina kusa da iyaka ba, ya tsaya a katangar gidan Baba Arzika ya shige ta rariya. Ina durƙushe a wurin na ji takun nan nasa mai nauyi a gefe guda.

“Ka iske shi,” ya ce. “Taso mu shiga, kar a gan ka nan kamar mai neman kunama.”

Inna Mariyamu na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba, ta kwashi faifanta ta shige ɗaki. Ya ciro wani makulli daga aljihu, ba cikin na ƙugunsa ba, ya buɗe ɗakin da babban ɗansa ya zauna kafin ya koma Katsina. Buhunan wake ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne da tambarin shuɗin fenti kamar ƙafar kaza. Akwatina na takwas na rataye a ƙusa, an ɗaure shi da tsumma.

Ya ce na wata mata ne, Adama, mutuniyar Ɗan Isa ta Nijar, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ke juya ɗan abin da ya bari. Ta sayi waken za ta kai Maraɗi, sito-siton duk a cike, ya ce ta zuba a nan kafin kamiyonta ya iso. Kamiyon bai iso ba aka rufe hanya. Ta bi daji a ƙafa ta koma wurin 'ya'yanta, ta roƙe shi kada kowa ya san da kayan. Ɗakin yana tsatsafo ta kusurwa, bayan abin da ya sami Sunday ya kasa samun natsuwa, sai ya ɗauko akwatin da na bari ya haɗa launi da launi kamar yadda ya ga ina yi.

“Baba, ka kira ta mana. Ta yi magana da su ta waya, shi ke nan.”

“Lambarta ta daina shiga tun kafin kaka.”

“To ka faɗa musu da bakinka.”

“In na faɗa ran Laraba, kafin magariba labari ya kai ga masu kaki: wake jibge cikin gida, na mutuniyar Nijar. Su kwashe, kuma aikinsu suka yi. In bai kai can ba ya kai daji, su zo su iske Innarka.”

“In ba ka faɗa ba kai za a kwashe.”

Ya mayar da kwaɗon ya danna. “Ita ta ce kar in faɗa. Ba ta zo ta ce in faɗa ba.”

Na ce to bari in cire takwas daga kiran, allon ya daina nunawa, mu tone wayar. Ya girgiza kai. Ya ce Lawwali ya riga ya gani, in abin ya ɓace yau mun tabbatar masa da zatonsa.

Na fito da sauƙi a gefe guda da sabon nauyi a ɗaya gefen. Babu infoma, wannan na gani da idona. Amma ban taɓa jin sunan Adama ba sai ranar. Buhunan farare ne irin waɗanda kowa ke saye a kasuwa, fenti kuwa kowa na iya shafawa. Mutumin da ke riƙe da makullan sito bakwai, sai ga ɗaki cike da wake a gidansa, mai shi ba ta nan, lambarta ba ta shiga. Na yi ta istigfari a hanya, tunanin bai bar ni ba.

Ranar Laraba mutane sun fi yadda na zata. Masu sito duka sun zo, da direbobin da zaman banza ya isa, da 'yan sa-kai uku da suka jingina baburansu a jikin siton farko suka tsaya da bindigogi a kafaɗa. Baba Arzika na kan bencinsa kamar kullum. Na fara bayani. Na kwance akwati ɗaya na miƙa aka yi ta zagayawa da shi, kowa ya duba babu wurin sim, babu eriya. Na zare wayar babban akwatin na nuna musu duk ƙananan sun yi tsit, fitilarsu ta daina ƙyaftawa, domin ba sa magana sai an kira su. Wani direba ya ce da ma matarsa haka take, aka yi dariya kaɗan, wani ya ce masa ai kai ne ba ka iya kira ba.

Alhaji Lawwali bai yi dariya ba. “Mun ji karatu. Na takwas hwa? Ina yake?”

Na dubi Baba Arzika. Shi ya amsa. “Yana wurin kayan wani.”

“Wa?”

“Mai shi bai ce in faɗa ba.”

“Arzika, motata ta tafi. Ba wasa ya kawo ni ba. Ko ka faɗa, ko mu tone wayar nan mu bi ta duk inda ta je.”

“Alhaji, shekara nawa kayanka na hannuna? An taɓa zuwa nan aka tambaye ni naka, ba sau ɗaya ba. In na faɗa maka na wani yau gaban jama'a, gobe wani ya tara jama'a ya tambayi naka. Kana so?”

Na ga masu sito biyu sun sunkuyar da kai, kowa da abin da ya sani a bayan ƙofarsa. Amma ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya gyara tsayuwa ya ce su ba ruwansu da hatsin kowa, waya ce da ba a san ƙarshenta ba, kuma ba za su tafi ba su sani ba. In ba za a nuna a nan ba, dattijo ya zo su tafi tare ya yi bayani a wurinsu.

Baba Arzika ya dubi taron. Sannan ya ce, “Ku fidda mutum guda. Shi ɗai. Ya yi alkawari gabanku ba zai faɗi abin da ya gani ba, sai dai ya ce maku akwai cuta ko babu. In kai shi.”

Aka fara gardama. Duk wanda aka ambata, sai wani ya ce surukin wane ne, ko abokin cinikin wane, ko ɗan Riko ne zai rufa wa ɗan garinsu asiri. Ni ba a ma saka ni a lissafi ba. A ƙarshe wani tsoho ya ce a tura Sunday, ba shi da dangi a nan, ba ya fitar da kaya waje, kuma shi ne wakensa ya ruɓe a hannun Arzika, ba shi da dalilin kare shi.

“Wato rashin dangi ya yi min rana yau,” in ji Sunday. Ya cire hularsa ya ce ya yi alkawari tsakaninsa da Allah. Alhaji Lawwali ya ce ya yarda. 'Yan sa-kan suka ce sun yarda. Aka sa kowa ya shiga rumfa ya ba fili baya, ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya tsaya yana tsaron kada wani ya waiga, Baba Arzika ya ja Sunday suka fita. Muka tsaya muna kallon bangon kwano kamar yaran da aka kama da laifi. Ina jin numfashin Alhaji Lawwali a kusa da kunnena.

Da suka dawo Sunday ya tsaya a tsakiya. “Na bi waya har ƙarshenta. Babu sim, babu rediyo, ba ta zuwa wurin kowa. Baba Arzika ba infoma ba ne.”

“Mi ka gani?” in ji Alhaji Lawwali.

“Alhaji, a gabanka na yi alkawari.”

'Yan sa-kan suka dubi juna, babbansu ya ce magana ta ƙare a wurinsu, suka tada babura. Alhaji Lawwali ya miƙa hannu, ya ce ya ji, ba infoma ba ne, amma shi ba zai bar kayansa wurin mutumin da ke da ɗakin ɓoye ba. Baba Arzika ya kwance tsirkiyar ya zare makullai uku ya ba shi, ya ce ya shiga ya duba kayansa kafin ya tafi. A cikin makon wasu biyu suka karɓi nasu, kowa da uzurinsa, ɗaya ya ce ƙaninsa zai riƙa kwana a wurin, ɗaya ya ce sayarwa zai yi.

Wanda ban zata ba shi ne Sunday. Bayan kasuwa biyu na tarar da mota a ƙofar sitonsa ana lodi. Na ja shi gefe.

“Oga Sunday, kai ma? Kai fa ka wanke shi.”

“Na ce ba infoma ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Ko gobe aka tambaye ni haka zan ce.” Ya rage murya. “Amma ɗakin nan, Mudathir. Ya ce min kayan wata mata ne, kai ka san matar?”

Na ce ban san ta ba.

“Ni ma ban san ta ba. Shekaru ina sayen wake a kasuwar nan, mata 'yan Nijar masu sari na san da yawa. Wataƙila tana nan, Allah ya sa tana nan. Ba zan faɗa wa kowa ba, ba kuma zan zarge shi ba. Amma wakena zai kwana a wani wuri.”

Makulli ɗaya ya rage a ƙugun Baba Arzika, na wani dattijo daga Farfaru da bai cika zuwa ba. Har yanzu da safe yana fitowa rumfar ya zauna. Masu wucewa suna gaishe shi, kaɗan ke tsayawa. Kalmar nan ba a ƙara faɗinta a fili ba, amma na ji yara a bakin famfo suna kiran gidansa gidan waya. Waye ya kai labarin motar Alhaji Lawwali, har yau ba a sani ba, kuma mutum huɗun da suka san hanyar ba sa zama inuwa ɗaya.

Da sababbin masu riƙon makullan suka ce in zo in kwashe akwatunana daga sito-sitonsu, na je na kwance su na zuba a kwali. Na ce wa Baba Arzika bari in haɗa da sauran biyun, kowa ya huta. Ya ce na Farfaru sai mai shi ya zo. Na gidan kuwa in bar shi.

“Kusurwar nan ba ta bar tsatsafo ba, ɗana. Kuma allon yana ta yanke magana, wani lokaci ya nuna, wani lokaci babu. In za ka iya gyara mani, gyara.”

“Baba, an ce za a buɗe hanya. Ka ji wani labarinta?”

“Ban ji ba.”

Na tsaya ina kallonsa, ina neman wani abu a fuskarsa da zai raba min gardamar da ke cikina. Babu abin da na samu, fuskar da na sani ce tun ina yaro. Na ajiye kwalin, na warware haɗin ledar da ya yi, na ja layin sabo a miƙe, daga rumfa zuwa siton mutumin Farfaru, daga nan ya ratsa filin gyaɗa zuwa gidan, na mayar da resistan can ƙarshe a ɗakin waken. Wannan karon ban binne wayar ba, a kan sanduna na ɗora ta inda kowa zai gani. Inna Mariyamu ta kawo min ruwa a kwanon sha, ta tsaya har na shanye, ta ce in gaida mahaifiyata.